Na Kashe Inji, Allonka Ya Mutu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga autana Mannir, a Kano. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu a Kusada. Allah ya tsare ka daga sharrin gari da sharrin abokin banza, ya sa tsaro inda kake kwana, ya sa albarka a abin da kake ci. Amin.

Bayan gaisuwa, ka san hannuna bai san alƙalami ba. Maƙwabcinmu Malam Hamisu, tsohon hedimasta, shi ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mashi abin da ya fito bakina shi zai sa, in ya gyara mani magana ban yafe ba. Ya ce, "Ko zagi ne, Sada?" Na ce ko zagi ne. Waya kuma na gwada na gaji. In na kira ka, sai ka ce, "Ina wuni, Baba, lafiya lau, ina cikin aiki," ka kashe. Ni kuma ƙarar inji ta cinye mani rabin kunne, kafin in gane ka gama gaisuwa har ka tafi. Takarda dai ba ta katsewa.

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki, jemagu suka fito daga itatuwan bakin kasuwa, kana goye a bayan mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta. Ranar kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya nufi masallaci, ladan yana kira har muryarsa ta dishe. Ni kuwa ga dawar biki ta mutanen ƙauyen Ƙofa jibge a gabana, na ce ai duhu ba ya hana inji niƙa. Bel ya zame. Na kai hannu in mayar da shi cikin duhun nan ban kashe inji ba. Rana ta dawo, yatsuna biyu ba su dawo ba. A gadon asibitin Kankia, hannu naɗe da bandeji, na yi wa Allah alkawari: muddin ina raye, ladan na cewa Allahu Akbar injina zai mutu, ko hatsin wane ne a cikinsa, ko saura tafi guda a gama. Tun daga ranar ban saɓa ba. Matan bayan kasuwa da muryar ladan ba ta kai musu, da shirun injina suke sanin lokacin salla ya yi. Ka tashi ka tarar da wannan, kamar yadda ka tarar da rijiyar gidanmu. Ba sabon abu na ƙirƙiro don in ɓata maka rai ba.

To ga nasiha ta farko, ka riƙe: kada ka kai hannu cikin abin da ke juyawa, kuma in za ka jingina da mutum, ka fara sanin abin da ya rantse a kai.

Saniyar mahaifiyarka da ke hannun Bello a rugar Kaikai, ita ce kaɗai abin da ta bar maka. Da ka ce a sayar za ka sayi kwamfuta, ban so ba, ka sani. Na ce saniya tana haihuwa, akwatin ƙarfe ba ya haihuwa. Bello ma sai da ya ce, "Yaro, nagge kake bayarwa don abin da ba ya cin ciyawa?" Ka yi dariya. Na bar ka, don gadonka ne. Na ba ka ɗakin da ke jikin rumfar inji, na sa aka ɗaura kan janareta a jikin injina aka ja maka waya, tunda wutar gari sai ta ga dama take leƙo mu. Kuma ba zan ci amanar gaskiya ba, ka yi aiki. Ka buga wa mutane takardu, ka wanke hotuna, ka haɗa katin biki. In na hango layi a ƙofarka, nakan ɗan ƙara wa inji mai ba tare da na ce maka komai ba.

Sai ka ce kwamfutar tana nawa, ba ta iya haɗa bidiyon biki. Ka je ka sayo wani ɗan ƙarfe mai faɗin akwatin ashana, ka ce sunansa furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar. Ka sa, ta ƙi shi. Ka mayar da tsohon, ta tashi. Ka ce allon ciki, wanda kuke kira madabod, bai san sabon ba, sai an sabunta mashi wani abu wai shi bayos. Ka hau babur ka je Kankia inda sabis ke da ƙarfi, ka dawo da abin a cikin filash, kana ta shafa shi a aljihu kamar laya.

Ranar kasuwa ce. Rumfa cike da mata da ƙwarya. Ka leƙo ka ɗaga murya ka ce, "Baba, kada a kashe inji, zan yi ofdet." Na ji ka sarai, ba zan fake da kurumta ba. Na ce, "Ka dubi rana." Ka ce, "Yanzun nan zan gama." Ka shige. Abin da ban sani ba, ashe ba ka fara a lokacin ba. Wani ya tsare ka da hoton fasfo, sannan allon ya ƙi ganin filash sai da ka sake shirya shi, sannan ka tsaya kana kallon wani bature a waya yana nuna yadda ake yi, don kai ma ba ka taɓa yi ba. Ba ka danna ba sai da inuwar rumfa ta kai bakin kwata.

Ladan ya ce Allahu Akbar.

Ga Malam Hamisu nan ya ɗaga kai daga rubutu yana kallona, wai in tsallake nan. Ba zan tsallake ba. Hannuna na kan abin kashewa. Na tuna maganarka. Na tsaya har ya kai shahada, abin da ban taɓa yi ba tun ranar husufi. Ina kallon ƙofarka ko za ka fito ka ce an gama. Ba ka fito ba. Tabawa mai ƙosai, wadda bakinta ba ya ƙyale kowa, ta ce, "A'a, yau kuma Sada mai inji ya yi ridda ne?" Mata suka kwashe da dariya. Na dubi guntayen yatsuna. Na kashe.

Ihun da ka yi, har yau ina jinsa da wannan mataccen kunnen.

Da muka fito masallaci na tayar da inji. Ka danna, fanka ta juya, wata 'yar fitila ta kama, amma gilashin kwamfutar baƙi ƙirin. Ka kashe ka kunna. Ka cire wannan ka mayar da wancan. Baƙi. Ni na ga rana ta mutu da idona ta kuma dawo, don haka na tsaya a bakin ƙofa ina jira, na ɗauka wannan ma haka ne. Har magariba ba ta dawo ba.

Sai bayan kwanaki, da ka ga dama, ka yi mani bayani, kana kallon bango ba ni ba. Ka ce a jikin allon akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, a cikinsa aka rubuta karatun farko da na'urar ke yi in ta farka, wanda da shi take sanin ina hannunta ina ƙafarta. Sabuntawa kuwa kamar a wanke allo ne a sake rubutu. In wuta ta ɗauke bayan an wanke, rubutu bai kai ƙarshe ba, to babu tsohon babu sabon. Ka ce har gargaɗi aka rubuta a gilashin, kada a kashe. Mannir, wa ya karanta mani? Ni da na yi shekaru ina wanke allo a gaban malaminmu na Ƙofa, da ka tsaya ka faɗa mani wannan da Hausar da na haife ka da ita, kana tsammani ba zan gane ba? Da na ce maka, "Bari sai an sallame la'asar, tsakaninta da magariba akwai fili." Magana guda ce. Amma ka jefo mani "ofdet" daga bakin ƙofa kamar mai kora jaki, don a wurinka tsoho mai gari a gemu ba a yi mashi bayani, umarni ake ba shi.

Ni ma ban tambaya ba. Na ji kalmar ban san ta ba, na ji nauyin in ce wa ɗan cikina "mene ne shi" a gaban mata. Wannan nawa ne, na ɗauka.

To ga ta biyu: duk wanda aikinka ya rataya a hannunsa, ko mai gadi ne, ko mai tura baro, ka zaunar da shi ka gaya mashi abin da zai lalace da yadda zai lalace. Kuma aikin da ba a tsayar da shi in an fara, ba a fara shi ranar kasuwa, ba a fara shi rana na gangarawa, ba a fara shi a kan wutar da makunninta ke hannun wani. Akwatin batirin nan da ka ce shi ke riƙe wuta in an ɗauke, tun damina ka san ya mutu, kana ta cewa za ka canza. Ka sayi ƙwaƙwalwa ka bar numfashi.

In ka tambaye ni ko na yi nadamar kashe injin, ban yi ba. A mayar da ni wurin yau, ladan ya kira, zan kashe. Alkawarin ba da kai na yi shi ba, ba kuma kai za ka warware shi ba. Malam Hamisu ya ajiye biro ya ce, "Sada, addini bai ce haka ba, ai da lalura, da ka jira ba ka yi laifi ba." Liman ma haka ya ce mani. Na ce su yatsunsu goma-goma ne, su yi ta fatawa.

Abin da ke hana ni sakewa daban ne. Da ka zauna a dakalin shago ka dafe kai, hawaye na zuba, mutanen kasuwa sun taru, na ce, "Akwatin ƙarfe kake wa kuka? Ranar da aka binne uwarka ma ba ka yi wannan ba." Ka ɗago ka dube ni. Ka ce, "Ai ita ce, Baba. Saniyarta ce." Ka tashi ka rufe shago. Wannan maganar ce nake so in ce wa Malam ya goge, to ba a takarda na faɗe ta ba. Ranar da aka binne ta kana yaro, ba ka san me ake ciki ba, kana wasa da ƙasar kabari ana janye ka. Na fi kowa sani, ni na ɗauke ka a kafaɗa muka dawo gida. Kunya ce ta kama ni a gaban mutane, na nemi wanda zan ɗora wa, kai ne kusa.

Ta ukku ke nan: in ka ɓata wa mutum abu, ka rufe bakinka. Ɓarnar hannu ana kai ta wurin mai gyara.

Kuma kada ka ɗauka kai ka fara. Shekarar da na sayi injin nan, da kaka, ya fara hayaƙi yana tari. Akwai wani makanike a Kankia, ya rasu yanzu, mutum mai baƙin rai amma ya san ƙarfe. Na ce ni in biya wani ya taɓa mani inji? Ai na ga yadda ya kwance famfon mai sau ɗaya, ina tsaye a kansa. Na shimfiɗa buhu, na kwance famfo, na jera ƙananan ƙarafa a kai. Akuya ta zo ta taka buhun. Na tsince abin da na gani, na mayar yadda na tuna. Na juya hannun tayar da inji har kafaɗata ta kusa gocewa, inji ko tari bai yi ba. Kakar nan gaba ɗaya matan Kusada a turmi suka yi ta, masu hali suna kai niƙa Kankia, suna wucewa ta gabana da ƙwarya a ka suna ce mani, "Sannu da hutawa." Da na ɗauki famfon a buhu na kai wa makaniken, ya zazzage a faranti, ya dube ni ya ce, "Kai ne ka yi wannan, ko ɓarayi?" Na ce ni ne. Ya ce, "Gani ba iyawa ba ne, ɗan ƙauye." Na haɗiye. Na yi ta zuwa ina zama a gefensa ina miƙa mashi sifana har na iya. Amma ka lura, na koma Kusada. Ban ce tunda garin ya ga kunyata na bar shi ba.

Kai kuwa ka kwance allon, ka naɗe shi a tsohon zanen mahaifiyarka, ka ce a Kano akwai masu ɗaga ƙwayar waken nan su sake rubuta mata karatunta da wata na'ura. Ka durƙusa ka ce, "Baba, na tafi." Na ce Allah ya kiyaye, ban ɗago daga bakin inji ba. Na ɗauka kwana biyu ne. Sai a bakin Malam Hamisu na ji wai ka samu wuri a shagon mai gyaran, ka ce mashi ba ka ga abin da za ka dawo yi a garin da ake kashe wa mutum wuta da gangan ba. Yayyenka duk sun watse, wannan Legas, wannan gidan miji. Na ce ko ba komai auta na nan, ina jin motsinsa ta bango. Yanzu in na kashe inji, shirun har ya yi yawa.

Tunda ka zauna, to zauna da kyau. Maigidan naka, in zai yi irin wannan aikin, ka tsaya a kansa ka ga me yake dubawa kafin ya danna. Ka tambaye shi yadda ake tabbatar da cewa abin da aka sauko da shi na wannan allon ne ba na ɗan'uwansa ba, don kai da bakinka ka ce suna kama kamar tagwaye. In ya zage ka ka haɗiye, zagin mai koya maka sana'a ba ya tsaga fata. Kada ka yi gwajin farko a kan kayan mutane. Kuma abin da ke aiki lafiya, in ba dole ba, ka ƙyale shi. Kada ka bar salla don allo, kada kuma ka fara wanke allo dab da salla. Ka ci abinci. Kai in ranka ya ɓaci ba ka ci, halin uwarka ne.

Iliya tela ya zo sau biyu yana neman ɗakinka. Ya ce, "Baba Sada, ɗaki a rufe ai asara ne, yaron nan ya sha ruwan Kano, ba zai dawo ba." Na ce, "Da ka ɗinke bakinka da ka fi kyau da shi." Gangar kwamfutar na nan yadda ka bar ta, ciki a buɗe kamar ragon layya, na rufa mata buhu saboda gari. Ka ce wa Malam hotuna da takardun mutane ba su ɓata ba, suna cikin wani abin daban. To masu su suna zuwa suna tambayata. Ina ce musu yana nan tafe.

Ga abin da zan iya, ba zan iya fiye da shi ba. Daga asuba zuwa azahar babu ladanin da zai kira. Duk wannan filin naka ne. In ka dawo da allon, ko an gyara ko sabo ne, duk ranar da za ka yi irin wannan aiki ka gaya mani tun da dare. Zan cika tanki da gas, in cire bel ɗin niƙa don kada wuta ta yi rawa, in sallami mata ko Tabawa za ta zage ni har kakana, in tsaya a kan inji da kaina har sai ka fito ka ce an gama. Alkawarina na nan, aikinka na nan. Da mun yi magana tun farko, da tuni mun ga wannan.

Saura abu guda. Da nake share ɗakin, na tsinci wani ɗan farin batir a ƙarƙashin tebur, kamar sisin da muke kashewa muna yara. Na tuna ranar ka ciro shi daga jikin allon ka mayar, ka sake cirowa, kana cewa ko zai sa ya manta ya tashi. Ka tafi ka bar shi. Na nuna wa Malam Hamisu, ya ce shi ke riƙe wa allon lokaci in an kashe wuta, don kada ya farka bai san ranar da ake ciki ba. Na ce to ba zan aika ba, in yana so ya zo ya karɓa. Malam ya yi dariya har da tari, ya ce, "Sada, wannan ai ko mai gyaran agogo na sayar da shi a Kano, ba abin da zai dawo da mutum ba ne." Na ce na sani. Rubuta dai.

Allah ya yi maka albarka, Mannir. Allah ya buɗa maka sana'ar nan, ya sa allon ya tashi, ya kare ka daga haɗarin hanya da na wuta da na bakin mutane, har da na ubanka. Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Ka gaida maigidanka, ka ce na gode da riƙo. Malam Hamisu na gaishe ka, ya ce hannunsa ya gaji.

Gobe in Allah ya kai mu, ina fitowa sallar asuba zan hau babur in je tashar Kankia, in ba direban motar farko takardar nan hannu da hannu. In na dawo zan buɗe ɗakinka in share, in kaɗe buhun, in bar ƙofar a buɗe, sannan in tayar da inji. Batirin yana aljihun gaba na rigata.

Mahaifinka,
Sada mai inji, Kusada.